Yarinyar da Ta Ce Sunanta "Ke"

Shekarun baya can, lokacin da jiharmu ba ta fi shekara huɗu ko biyar da samuwa ba, aka ɗauke ni aikin koyarwa. Ni 'yar Dutse ce, nan aka haife ni, nan na girma, don haka na sakankance a cikin gari za a bar ni. Ina! Da takarda ta fito sai ga sunan wani ƙauye da ke gaban Aujara, wanda ko a hira ban taɓa jin an ambace shi ba. Na yi kuka har da majina. Mahaifiyata ta ƙyale ni na yi mai isata, sannan ta ce in tashi in haɗa kayana, gwaggona tana aure a Aujara, wurinta zan zauna, duk Juma'a in zo gida.

In faɗa muku gaskiya, a lokacin kaina rawa yake yi. Ga takardar malanta sabuwa fil, ga jakar hannu, ga takalmi mai tsini da nake fama da shi cikin yashi tafiyar rabin awa kullum, don kada a ce malama ta zo da silifa. Gani nake duk abin da ya shafi yaro na karance shi a littafi, saura kawai in zuba wa mutanen ƙauye.

Aji ɗaya aka ba ni. Yara sun haura sittin, duk a ƙasa suke zaune, ban da 'yan rakiya, wato ƙananan da ke biyo yayyensu su zauna a gefe suna gyangyaɗi. Mai yunifom a cikinsu bai fi a ƙirga da yatsu ba, saboda haka ba ka rabe ɗalibi da ɗan rakiya sai dai ta tsawo. Kowace safiya in buɗe rajista in sunkuyar da kai in yi ta jero sunaye, ana "Na'am, Malama," ina sa maki. Wanda bai amsa ba in zana masa ɗan zagayen nan da muke ce wa ƙwai. Ba na ko ɗago kai, wai ni mai sauri.

Akwai wani suna can ƙasa a layin mata da ba a taɓa amsa shi ba. Tun ranar farko ƙwai, washegari ƙwai, har na daina jira, ina kira ina zanawa. Akwai kuma wata 'yar mitsitsiyar yarinya da take zama jikin bango kusa da ƙofa, ba ta waƙa in ana yi, ba ta dariya, in an fita tara ba ta fita. Kitsonta kullum tsaf, ƙafarta a wanke. Na ɗauka 'yar rakiya ce, ban taɓa ce mata ko sannu ba.

An kusa wata biyu a haka sai hedimasta ya karɓi rajistoci ya duba, ya aika a kira iyayen yaran da ba sa zuwa. Ina cikin aji aka ce ana nemana a ofis. Na tarar da wani dogon mutum a tsaye da lauje a hannu, da gani daga gona aka taso shi, don kaka ce ana ta yankan gero. Hedimasta ya juya masa rajista yana nuna masa layin ƙwayayen da na jera.

Mutumin ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ban iya karatun boko ba, amma yarinyar nan kullum sai ta fito. Ni nake rako ta har bakin rijiya."

Hedimasta ya ce, "To ina take zuwa? Ga malamarsu nan, ta ce ba ta taɓa ganinta ba."

Na gyara tsayuwa na ce ƙwarai kuwa, ban taɓa ba. Mutumin ya juya ya fita, muka bi shi. Ya tsaya a ƙofar ajina ya leƙa, ya miƙa laujen ya nuna jikin bango.

"Ba ga ta can ba?"

Jama'a, na so ƙasa ta tsage in shige. Don in wanke kaina sai na dubi yarinyar na kira sunan nan na rajista da ƙarfi. Ko gezau. Na sake kira, tana kallon ƙasa. Uban ya ce, "Ke!" Nan take ta miƙe tsaye. Na je na durƙusa a gabanta na ce, "'Yan mata, yaya sunanki?" Ta daɗe tana murza bakin zaninta, can da wata 'yar murya da sai ka kasa kunne ta ce, "Ke."

Aji ya kwashe da dariya. Ni ban yi ba.

Hedimasta ba mugu ba ne, amma mutum ne mai gaggawa, ga yara sun yi masa yawa. Ya ja mu gefe ya ce, "Anya yarinyar nan kanta ɗaya kuwa?" Uban ya sunkuyar da kai ya ce da ma a gida ma ba ta magana, sai ta wuni ba a ji bakinta ba. Ya ce in ba za ta gane karatu ba a bar masa ita, da an gama kaka zai tafi ci-rani, ga awaki ba mai kora. Hedimasta ya ce shi ke nan, zai soke sunan. Ban san lokacin da na ce, "Don Allah Malam a ba ni zuwa ƙarshen zango" ba. Ya dube ni ya ce, "Ke da ba ki ma san tana ajin ba?" Ya ce to, ranar jarrabawa shi da kansa zai zo ya tambaye ta, in ta buɗe baki ta zauna, in ba ta buɗe ba ta bi awaki. Sati shida ya rage.

Da yamma na tambayi hanya na nufi gidansu. Gidan gona ne, can bayan gari, ɗaki biyu da dangar kara, ba maƙwabci kusa. Na tarar da uwar da goyo a baya, ita da wasu mata biyu da suka zo taya ta sussuka. Yarinya ce ita ma, ba za ta girme ni ba. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo ruwa a ƙwarya. 'Yar tana zaune gindin rumbu tana kallonmu.

Maimakon in sha ruwa in yi gaisuwa in tafi, sai na buɗe littafin da ke kaina. Na ce yaro yana bukatar a yi masa magana, a kira sunansa, a rungume shi. Na ce, "Kira ta da sunanta yanzu in ji. Ɗauke ta ki ɗora a cinya." Matar ta ja gefen zani ta rufe fuska. Ɗaya daga cikin masu sussukar ta jingine taɓarya tana dariya ta ce, "Haba Malama! 'Yar fari ce fa. Kuma sunan uwar mijinta ne da ita. Ta ina za ta fara?"

Na san da kunyar ɗan fari, a gidanmu ma ana yi. Na san mace ba ta kama sunan surukarta, namiji ba ya kama sunan mahaifiyarsa. Amma da yake bakina ya riga hankalina, sai na ce, "Wannan ai duhun kai ne. Ku kuka mayar da ita haka."

Uwar ta tashi ta shige ɗaki, ba ta sake fitowa ba. Matan suka ɗauki taɓarensu suka ci gaba da aiki kamar ba ni a wurin. Na suri jakata na kama hanya, ina ma jin na yi abin kirki. Washegari jikin bango ba kowa. Jibi ma haka, gata ma haka. Karo na farko ke nan da na zana wa sunan nan ƙwai na gaskiya, kuma ni na jawo.

Ranar Juma'a na isa Dutse a cike fam. Mahaifiyata tana tsakar gida tana tsinke zogale, na zauna na zayyane mata komai, ina jiran ta ce mutanen ƙauye sai haƙuri. Ba ta ɗago ba har na gama.

Ta ce, "Kin taɓa jin na kira sunan yayanku?"

Na ce a'a.

"Kin taɓa ganin na zauna hira da shi yana ƙarami?"

Na ce ai ban ma tashi na gan shi a ɗakinmu ba, a ɗakin kaka yake.

Ta ce, "To. Tun ranar da aka yaye shi kakarku ta ɗauke shi. Ita ke kiransa, ita ke tsokanarsa, ita ke ba shi labari, in ya yi kuka ita ke lallashi. Uwa tana janye hannu ne don ta san akwai wani hannun a buɗe. Ba a yin kunyar nan a bar yaro a fili. Ke da kika je, kin tambayi wa ke riƙe da yarinyar?"

Na ce a'a.

Ta ce, "Ba ki tambaya ba. Kin shiga gidan mutane ba sallamar kirki, kin tozarta mace a gaban ƙawayenta, kin fito kina jiran a yi miki guɗa. Kina tsammani ba ta son 'yarta? Shekarar da yayanku ya yi ƙyanda, bayan ɗaki nake zagawa in yi kukana in wanke fuska in dawo in ci gaba da tuwo. Har yau bai sani ba."

Ban taɓa jin wannan maganar ba sai ranar. Ta ci gaba da tsinkar zogalenta, ta ce ranar Lahadi in koma, in ɗauki gwaggo ta raka ni, kuma in bar bakina a gida.

Haka aka yi. Gwaggona ta sayi goro da sabulu, muka tafi ranar Litinin bayan an tashi, ni da silifa wannan karon. Ita ta yi sallama, ita ta yi gaisuwa, ta ce ta kawo 'yarta ne ta ba da haƙuri, yarinya ce, boko ya yi mata yawa. Na durƙusa na ce a yafe mini. Matar ta ce ba komai, amma ba ni take kallo ba, gwaggo take kallo, kuma gwaggon ta ba wa labarin.

Ashe kakar yarinyar, mai ainihin sunan, ita ta riƙe ta tun yaye, lokacin suna cikin gari. "Takwara" take ce mata. An so a sa mata laƙabi yadda ake yi, tsohuwa ta ce a bar mata takwararta, ba ta son wani suna. A lokacin, in ji uwar, yarinyar surutu gare ta kamar aku, har korarta ake yi. Tana shekara uku tsohuwa ta rasu. Gidan gado ya shiga rabo, mijin ya dawo da su gona, yarinya ta dawo ɗakin uwarta. Uba ba ya iya faɗin sunan, uwa ba ta iyawa, "takwara" kuma ya bi mai shi. Maganar laƙabi aka yi ta yau da gobe har aka saba da "ke".

Ta ce, "Gwaggo, ina yi mata wanka, ina yi mata kitso, ba ta taɓa kwana da yunwa ba in dai akwai. Amma in na buɗe baki zan yi mata hira sai in ji kamar duk garin nan suna leƙena. Ita ma tun tana zuwa tana tsaya mini a gaba har ta daina."

Gwaggo ta ce, "Marigayiya ba ta bar ƙanwa ba? Ko ƙawa?"

Ta yi ɗan tunani ta ce ƙanwa babu, amma akwai Iya mai daddawa, bayan masallaci, tare suka yi 'yanmatanci, tare suka tsufa.

Gidan Iya ba ya bukatar kwatance, hanci ne ke kai mutum. Muka same ta tana tankaɗe kalwa a faifai, 'yar siririyar tsohuwa, haƙori bai fi huɗu ba, baki kuwa ba a magana. Kafin mu zauna ta tambaye ni ko ni ce malamar da ta je ta koya wa matan aure rainon 'ya'ya alhali ko kaza ban taɓa rainon ba. Ashe labari ya zaga gari. Na ce ni ce, Iya. Ta ce to madalla, ta ga fuskar.

Gwaggo ta yi mata bayani. Da aka zo kan cewa yarinyar ba ta san sunanta ba, sai Iya ta ajiye faifan. Ta faɗi sunan a hankali, ta sake faɗa. Ta goge ido da bakin zani ta ce, "Shekara hamsin ina kiran sunan nan ta kan katanga. Tun da aka binne ta ban sake furta shi ba. Ku kawo mini ita, ni ba surukata ba ce, ba uwata ba ce, ƙawata ce."

Uban ya yarda ba don ya gamsu ba, sai don ba ya iya yi wa ƙawar mahaifiyarsa musu. Aka shirya in an tashi makaranta yarinya ta wuce gidan Iya, shi kuma ya biya ya ɗauke ta bayan la'asar. Ranar farko ni na kai ta. Muna shiga Iya ta rangaɗa sunan nan da ƙarfi har kaji suka watse, ta ce, "Ashe kina garin nan kika ƙi zuwa gaishe ni? Zo nan, marar zumunci!" Yarinya ta waiga bayanta tana neman wadda ake yi wa magana. Iya ta ce, "Ke nake nufi, ke ce mai sunan. Naki ne, ba aro ba ne." Ta jawo ta ta zaunar a jikinta, ta damƙa mata faifai.

Na riƙa biyawa kullum, wai in ga ci gaba, ashe ni ce zan yi karatu. Iya ba ta taɓa ce mata "yi magana" ba, abin da ni nake ta fama da shi a aji ke nan. Surutunta kawai take yi, da ita, da tukunya, da akuya, kuma kowace magana sai ta haɗa da sunan. Ta ba ta labarin rashin jin da suka yi da kakarta, yadda suka taɓa faɗawa kududdufi garin tsinkar bado. Ta yi tambaya ta jira, in ba a amsa ba ta amsa wa kanta da amsar banza. Dabararta ke nan babba, yin kuskure da gangan. Ta nuna turmi ta ce miƙo mini tukunyar can. Ta ƙirga ƙwallayen daddawa ta tsallake biyar. Yarinya ta yi ta kallonta tana motsa baki.

A rana ta tara ko ta goma, ina zaune, Iya ta nuna wata kaza ta ce, "Kore mini zabuwar nan kada ta ɓarar mini da kalwa." Sai muka ji an ce, "Ba zabuwa ba ce. Kaza ce."

Na zabura zan yi ihu, Iya ta watso mini harara na koma na zauna. Ta ce, "Kaza? Ke dai ba ki san zabuwa ba." Yarinya ta ce, "Zabuwa tana da ɗigo-ɗigo." Iya ta ce, "Au, haka ne? To Allah ya sa kin zo, da na mutu ban sani ba." Sai ga dariya, 'yar ƙarama, ta rufe baki da hannu. Ni na fita zaure na share hawayena, don Iya ba za ta bar ni in sha iska ba in ta gani.

Na kwashi dabarar nan na kai aji. In zana akuya a allo in ce ga jaki, aji ya ɗauki ihu, har waɗanda ban taɓa jin muryarsu ba. Kiran rajista ma na sake shi. Na daina sunkuyar da kai, kowane yaro sai na dube shi ido da ido. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina tambayar da me ake kiransu a gida, sai ga shi da yawa sunan rajistar baƙo ne a wurinsu, na kusa da su ne ke zungurinsu su amsa. Ita ba ta da mai zungurinta ne kawai.

Ba wai daga nan komai ya tafi sumul ba. A gidan Iya tana magana, a aji kuwa sai ta kwana biyu ba ta ce uffan ba. Wata rana wani ya fizge mata fensir ta fasa kuka, kuka sosai har da shessheƙa, na rasa yadda zan yi. Na je na gaya wa Iya cikin damuwa, na ce abin ya koma baya. Ta ce, "Barka dai! Da can da ba ta kuka, ai don ta san ba mai zuwa ne. Kin lallashe ta?" Na ce na lallasa. Ta ce to aikinki ke nan, ba sai kin duba littafi ba.

Ranar jarrabawa hedimasta ya shigo da rajista a hannu, uban yana tsaye a bakin taga. Hedimasta ya kira sunan. Shiru. Na ji kamar an shekara. Ya buɗe baki zai sake kira, sai ta miƙe ta ce, "Na'am." Ya ce ta ƙirga, ta kai takwas ta tsaya. Ya nuna baƙaƙe a allo, ta gane uku, sauran ta yi shiru. Sai ya ɗaga alli ya ce, "Wannan fensir ne ko?" Ashe ya ji labarin abin da nake yi a aji. Ta dube shi ta ce, "Alli ne." Ya rufe rajista ya ce da ni, "Sunanta yana nan." Ta zo kusa da na ƙarshe a jarrabawar, amma wallahi ban taɓa murna da sakamakon wani yaro kamar nata ba.

Sai dai uban juyawa ya yi ya kama hanya. Na bi shi waje na ce, "Malam, ka dai ji da kunnenka." Ya ce ya ji, Allah ya saka, amma maganar awaki tana nan, shi tafiya zai yi, mai ɗakinsa ga goyo. Zai yi shawara. Aka yi hutu a haka, na koma Dutse ban san matsayin da ake ciki ba. Hutun nan ban ji daɗinsa ba ko kaɗan.

Ranar da aka koma na riga kowa zuwa. Yara suna ta shigowa, ina ta kallon hanya. Aka buga ƙararrawa, aka yi layi, aka shiga aji, ba ta zo ba. Na buɗe rajista na fara kira, ina jan kowane suna don kada in kai ƙasa da wuri. Saura suna uku in kai nata na ji sallama a bakin ƙofa. Ga ta tana haki, ƙafa duk raɓa, da jaka a rataye.

Jakar buhun taki ce, an wanke an yanke an ɗinke bakin da kyau, an yi mata maratayi. A gabanta an ɗinka sunanta da jan zare, manyan baƙaƙe, wani ya hau wani ya sauka, ɗaya ma bayansa ya juyo. Malamar da ke cikina ta so ta ce wannan a juye yake. Na kama bakina.

Na ce, "Wa ya ɗinka miki?"

Ta ce, "Inna. Ta ce in rubuta mata da gawayi, ita ta bi da zare. Ta ce in nuna mata ta inda yake farawa."

"Baba fa? Awakin fa?"

"Inna ta ce masa an riga an ɗinka jaka, wa zai rataya? Ta ce a ɗaure awakin a gida za ta riƙa zuba musu harawa."

Na ce, "Ta faɗi sunan?"

Ta girgiza kai. Sai ta yi murmushi ta ce, "Amma yanzu Mai Jaka take ce mini."

Na juya na fuskanci allo na yi kamar ina neman alli, na daɗe ina nema.

Shekara uku na yi a ƙauyen kafin a dawo da ni Dutse, na kuma yi shekaru masu yawa ina koyarwa bayan nan. An tura mu bita iri-iri a kan tarbiyyar ƙananan yara, na ƙaru da su ba laifi. Amma duk lokacin da aka kawo mini yaro aka ce dolo ne, ko ba ya ji, ko ba ya magana, kafin in taɓa littafi sai na tambaya, wa ke yi masa hira a gida? Wa yake gudu wurinsa in ya faɗi? Sau da yawa ba ƙiyayya ba ce, ba kuma talaucin kaɗai ba. Wani gurbi ne ya buɗe, mutuwa ko ƙaura ko ci-rani, kowa yana ta neman abin da za a ci, ba wanda ya lura. Kuma sau da yawa mai cike gurbin yana nan kusa, ba a dai je an yi masa sallama ba. Har yau in na tuna kalmar da na jefi baiwar Allah nan da ita a gaban ƙawayenta sai na ji kunya ta rufe ni.

Mai Jaka ta gama firamare, ta taɓa sakandare, ta yi aure a can kusa da su. Iya ta daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙanta. Da na je Aujara ta'aziyyar gwaggona, sai na ce bari in ƙarasa ƙauyen. Sun dawo cikin gari. Tun daga zaure nake jin wata mata tana ta zuba, tana kiran wani suna tana maimaitawa, tana cewa wannan ba akuya ba ce, raƙumi ne, wata 'yar murya tana ihu tana cewa akuya ce. Na yi sallama na shiga. Uwar Mai Jaka ce, da furfura a goshi, matar da a shekara uku ban ji ta yi wa 'yarta magana goma ba. A cinyarta 'yar farin Mai Jaka ce, an kawo mata yaye.

Ta gane ni nan take. Muka gaisa, muka yi dariyar abin da ya wuce. Na ce, "Inna, ashe kina da baki haka?"

Ta shafa kan jikar ta ce, "Malama, wannan ba na kunyarta. Duk abin da na kasa faɗa wa uwarta yana nan ban zubar ba, ita nake faɗa wa."